Randar Yaya da Tawadar Auta

Yayanmu maginin tukwane ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi dai mai fasahar tangaran yake so a ce, don ya karanci abin a kwaleji, yana da faifai mai juyawa da lantarki, da tanderu mai aiki da gas. Mu a gida Yaya Mai Laka muke ce masa tun muna yara, kuma har yau da furfura ta cinye masa gemu, in ka gaisa da shi sai ka duba hannunka.

Mu uku ne a wurin iyayenmu: shi, ni, sai Auta. Innarmu, Allah ya jiƙanta, tukwane take ginawa a bayan gida. Babanmu kuma hatimi yake sassaƙa wa ofisoshi da 'yan kasuwa a kan wani ɗan tebur a bakin titi. Wata rana da babu ciniki ya ɗauki guntun ice, bai fi tsawon yatsa ba, ya sassaƙa masa zane a jiki, kamar ganye kamar ƙayar kifi, ya kawo wa Inna. In ta mirgina shi a wuyan ɗanyar tukunya sai zanen ya zagaye ta. Ɗan Mirgine muke kiransa. Duk unguwa an san tukunyar Inna da wannan wuyan.

Yaya ne ya sha wahalar sana'ar. Shi ke kirɓa yumɓu da ƙafa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke tsayuwa a bakin wuta har girarsa ta babbake. Ni da na ga haka sai na sulale na koyi tuƙi. Auta kuwa a ƙarƙashin teburin Baba ta tashi, tana wasa da tawada, tana buga wa duk abin da ta samu hatimi, har da goshin akuyar maƙwabta.

Da ya gama kwaleji ya kama wani tsohon gareji ya mai da shi wurin aiki. Kofuna, farantai, tukwanen fure na otal-otal, duk yana yi, kuma aikinsa ba makusa. Ka ƙwanƙwasa kofinsa da farce ka ji ya amsa kamar ƙararrawa. Kowane yana ɗauke da zanen Inna a wuya. Shekara da shekaru ana saye, ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya samo zanen. Ya ce bai damu ba, kuma na yarda da shi, tunda a lokacin ba a tambayi kowa komai ba.

Sai Auta ta girma ta zama mai buga zane. Takan sassaƙa allon katako, ta shafa masa tawada, ta ɗora takarda, ta matse a inji, ta ɗaga, zane ya fito. Yaya yakan ce aikin Baba ne dai aka ƙara wa faɗi. Bayan rasuwar Inna ta zo garejin ta ce, "Yaya, ara min Ɗan Mirgine mana, in gwada wani abu." Ya miƙa mata ko kallonta bai yi ba. Ta je ta tsoma shi a tawada, ta mirgina a kan manyan takardu, baƙi a kan ja, layi yana hawa layi. Kafin ka ce me, mutane sun fara rataye zanen Inna a falo, wata mujalla ta zo ta ɗauki hoton Auta riƙe da guntun icen a tafin hannu.

A motata ya ga mujallar, muna dawowa daga ɗebo yumɓu.

"Direba, tsaya ka karanta min nan. Idona ya fara ba ni kunya."

Na gangara gefen titi na karanta masa abin da ta faɗa: hannun mahaifiyarta ne yake tafiya a kan takardar.

"Hannun wa?" in ji shi. "Yarinyar da in Inna ta ce miƙo yumɓu sai ta ɗauko da yatsa biyu kamar kashin kaza? Ita ce yau ta gaji hannu? To ni me na gada, gwiwa?"

"Haba Yaya, ai an ambace ka."

"Ina?"

"Ga shi nan ƙasa. An ce tana da ɗan'uwa, shi ma yana ɗan taɓa aikin hannu."

Na tayar da mota, muka wuce gidan mai. Sannan ya ce, "Taɓawa." A ƙofar gareji ya ce in je in karɓo masa Ɗan Mirgine, kayan uwarsa. Auta ta ba ni ba gardama, ta ma wanke shi tas. Ya karɓa, ya shinshina, ya ce warin kananzir yake yi, an mai da shi fitila.

Ana nan sai matar da ke da gidan baje kolin zane-zane a tsakiyar gari ta gayyace su su biyu, wai 'yan gida ɗaya, gado ɗaya. Fostar ta fito da sunan Auta manya-manya, nasa kuma a ƙasa, daidai girman lambar waya. Yaya ya daɗe yana kallonta, ya ce to shi ke nan, zai nuna wa garin nan inda zanen Inna yake da mazauni. Ya cire duk kantocin cikin tanderu, ya auna faɗinsa da tsayinsa, ya ce randa ɗaya zai gina da za ta cika shi. Duk wanda ya shigo sai ya gan ta kafin ya ga takarda.

Ya rufe faifan lantarkin da buhu, ya gina randar da hannu yadda Inna take yi, nadi a kan nadi. Ya mirgina Ɗan Mirgine tun daga gindi har wuya, tsakanin kowane layi kuma ya bi da babban yatsa yana danne mahaɗa. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ya fito daga hannunsa ba. Ta kai ni ƙirji, ga ciki, ga wuya, har kana jin kunyar jingina da ita.

Sai dai yumɓu mai kauri ba a yi masa gaggawa. A inuwa yake bushewa, a hankali, ciki da waje. Ga shi aka shiga kwanakin hadari, ruwa yau ruwa gobe, ranar buɗewa kuma tana matsowa. Masu wannan aiki suna da yadda suke gwadawa: a manna kunci a jikin tukunya, in ta yi sanyi to akwai sauran ruwa a ciki, ko da wajen ya yi fari. Na shigo da safe na same shi rungume da randar, kunci a manne, kamar mai sauraron ƙorafi.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Ta bushe."

Na manna nawa kuncin. "Yaya, wannan ai kamar bangon firji."

"Kai kuncinka na direba ne, iskar taga ta kashe shi. Kama min."

"A bar ta mana, a kai kofuna. Randa ta biyo baya."

"In kai kofuna? In tsaya gefen yarinyar can ina riƙe da kofi kamar mai jiran shayi? Kama min, na ce!"

Ya sani sarai. Mutumin da ya ƙone gira a kan wannan aiki ba sai direba ya gaya masa ba. Muka cicciɓe ta muka shigar, ya kunna wuta ƙasa-ƙasa, yana lallashi. Rana ba ta yi tsaka ba muka ji tim, kamar taya ta fashe a cikin ɗaki, sai kuma ƙananan ƙararraki suka biyo baya. Yaya bai motsa ba. Da yake wutar ta riga ta yi nisa, ya bari ta ƙarasa aikinta.

Ranar da tanderun ya huce Auta ta zo, don na yi mata waya. Ta same shi yana kwasar tsingaro da shebur. Ta tsuguna ta ɗauki guda, faɗinsa ya kai faranti, tana shafa shi.

"Sannu, Yaya. Wallahi ban ji daɗi ba."

"Na sani. Ai ga hawaye nan suna malala."

"Ka ba ni waɗannan?"

"Kwashe. Shara ce. Dama abin da kika saba."

Ta cika buhu. Da yake tsingaro a lanƙwashe yake ba ya shiga inji, sai ta riƙa ɗiga masa tawada da tsumma, ta ɗora siririyar takarda mai danshi, ta murza da bayan cokali. Zanen Inna ya fito a juye, inda yake baƙi a da ya koma fari, ga tsagar wuta ta ratsa shi, ga kuma sawun babban yatsan Yaya a jere, har zaren fatarsa ana gani.

Ran buɗewa tsofaffin kofunansa suna kan tebur a lungu, jama'a kuwa sun yi dafifi a gaban bangon da aka rataye takardun tsingaron. Auta ta sa an rubuta sunansa a sama da nata, ta kuma janyo shi ta ce ga mai randar. A ranar aka fara yi masa tambaya a rayuwarsa. Wata mai tabarau ta ce, "Malam, me ya ba ka tunanin fasa ta?"

Ya buɗe baki zai fara daga bayan gidanmu, daga Inna da ramin yumɓu, sai matar ta juya wurin Auta tana tambayarta irin takardar da ta yi aiki da ita. Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka gani ko? Ta gama da uwata, yanzu yatsana take sayarwa."

Tun daga nan ya sayi durom mai murfi da kwaɗo. Duk abin da ya fashe a garejin, ko hannun kofi ne, ciki yake jefawa ya kulle, in ya taru ya daka shi ya zama gari. Makon jiya na kai Auta wurinsa, da buhunta a naɗe a hammata. Yana hango motar ya tashi ya haye kan durom ɗin ya zauna.

"Yaya, ko ɗan guda biyu?"

"Babu. Ni yanzu ba na fasa komai."

"To me kake zaune a kai?"

"Baya ke damuna," in ji shi. "Direba, mai da ta inda ka ɗauko ta."