Dariyar Ɗan Fari

Duk wanda ya saba sayen bandar kifi a Wara ya san Inna Zulai'atu. Hayaƙin banda ya cinye mata ido, amma bai taɓa bakinta ba, don in ka taya kifinta da wulaƙanci sai ka gwammace kare ya bi ka. Mutum ɗaya ne bakin nan bai taɓa kama sunansa ba, shi ne ɗanta na fari, Almustapha.

Haka ta taras ana yi, haka ta yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zuba masa ido, ba a wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi Shanga wurin kakarsa, bai dawo ba sai da ya isa riƙe injin jirgin ruwa. In ya shigo gaishe ta sai ya durƙusa daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon murhu. In ta ajiye masa kifi mafi tsoka sai ta ce a miƙa wa "wancan". 'Yarta Hamdiyya takan tsokane ta, wai yanzu uwaye har kumatu suke haɗawa da 'ya'yansu a ɗauki hoto a waya. Inna Zulai'atu ta ce wannan ai rashin ta ido ne, ba ƙauna ba. Amma kullum la'asar tana bakin danga, kuma a cikin ƙarar jirage duka tana gane nasa.

Wata ranar kasuwa, ruwa ya cika, jirginsa ya daki kututturen da tafki ya ɓoye. An tsamo gawarsa bayan kwanaki, maza suka binne shi a can gaɓar da aka same shi. Wayarsa na ƙarƙashin ruwa, da duk hotunansa a ciki. Masu ta'aziyya suka yaba da dauriyarta, don ko hawayen kirki ba ta yi ba. Ai ko kukan ma da kunya.

Abin da ya karya ta daga baya ya zo. Ta zauna za ta tuno fuskarsa, sai ta ga ƙeya da kafaɗa da hula kawai. Ta san tarinsa, ta san takunsa, amma fuskar ta ƙi zuwa. Tsoro ya kama ta ƙwarai, kada ta mutu ba ta san kamar abin da ta haifa ba.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta yafa gyale ta tafi shagon Tanimu mai hoto, ita da ko hoton aurenta ba ta yarda an ɗauka ba. Tanimu ya gaji sana'ar daga ubansa, bangon shagon cike yake da hotuna. Akwai tsofaffi marasa launi na mutanen gungu, mazauna tsibiran kogi, lokacin da aka kwashe su kafin ruwan dam ya rufe garuruwansu. A ciki ta ga wata mata da kaya a ka, ta kau da kai daga yaron da ke riƙe da zaninta. Inna Zulai'atu ba ta san ta ba, amma ta daɗe a gaban hoton.

Tanimu ya tambaye ta me take so. Ta yi ta kewaye-kewaye, wai ko akwai hoton yaran nan masu jirgi, wai yaron gidansu ne, mai rasuwa. Tanimu ya gane, bai matsa mata ta faɗi suna ba. Ya duba a kwamfuta, ya wanko wanda ya ɗauka ranar da Almustapha ya saka sabon jirginsa a ruwa, ya miƙa mata.

Ko a takardar ma sai da idonta ya sauka ƙasa, don sabo. Ta ɗago da ƙyar, ta fita bakin ƙofa inda haske yake, ta kawo hoton daf da fuskarta. Ga shi tsaye a kan jirgi, hannu ɗaya a sama, baki buɗe yana dariya. Ta sha jin dariyar nan ta bayan danga, amma a gabanta bai taɓa yi ba.

"Haka shika dariya?" ta tambaya.

"Kullum, Inna. Duk Wara an san shi da ita."

Ta shafa bakin da ke cikin hoton da yatsanta mai baƙin hayaƙi, ta sake shafawa. Tanimu ya juya yana gyara abin da bai lalace ba.

"Ashe wushirya gare shi," in ji ta. "Irin tawa."