Tantanin Saniya a Ƙirjin 'Yata

Da likita ya ce ƙofar zuciyar 'yata ta lalace, zaɓi biyu ya ba mu: ta ƙarfe, ko wadda aka ɗinka da tantanin zuciyar saniya. Ta ƙarfe tana daɗewa, sai dai mutum ya dawwama kan maganin tsinka jini, maganin kuma ba ya shiri da juna biyu. Ita kuwa amarya ce a lokacin. Ta zaɓi ta saniya.

Bayan aikin ta dawo wurina Maitumbi jinya. Na yi wani tunani ni kaɗai: tunda baƙo aka shigar mata, gara su saba da juna. Sai in hau keke napep zuwa Tudun Fulani in sayo nono, in dama mata fura. Miya kuwa sai da naman sa. Ko da ta koma ɗakinta ban daina aikawa ba.

"Mama, na kusa fara kukan maraƙi fa," in ji ta.

"Sha dai. Ai ba ke nake ba wa ba."

Allah ya ba ta ɗa namiji. Bai ma shiga firamare ba na fara ganin tana yanke shara, ta dafa bango tana haki. Muka koma asibiti. Likita ya ce tantanin ya ƙandare, sai an sake aiki.

Na ce, "Likita, ko nonon ne bai isa ba?"

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce jini yana da masu gadi, kuma sanin na gida da bare gado ne a wurinsu, tun daga halitta, ba a koya musu da abinci. Naman saniya yana da wata alama da ɗan Adam ba shi da ita, ko an wanke sai an bar saura, jikin matashi kuma ya fi zafin faɗa. Wai a ƙasashen waje masu bincike suna gyara ƙwayoyin halittar dabbobi, don a haife su babu alamar.

"Yaushe irin wannan ƙofar za ta iso nan?"

"Ba su gama ba tukuna, Mama."

Muna cikin keke ta ce, "Wannan karon ta ƙarfe zan karɓa."

"Ɗa ɗayan ya ishe ki?"

Ta daɗe tana kallon titi.

"Bai ishe ni ba. Amma ina so in ga girmansa."

Mijinta bai sani ba a lokacin. Ta roƙe ni in raka ta ta faɗa masa, na ce wa mai keke kada ya tsaya Maitumbi, ya wuce da mu gidan mijinta.