Muryar Alhaja

Tun ina firamare nake kwaikwayon muryar Mama, kuma tun lokacin nake shan duka a kai. In ta tafi kasuwa sai in tsaya a tsakar gidanmu na Kwaciri, in riƙe ƙugu, in ƙwala wa yayana kira yadda take yi, ya fito a guje yana neman takalmi. Mama Bayarabiya ce 'yar Offa, aure ya kawo ta Kano tana budurwa, ta yi shekara da shekaru tana sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Hausa ta zauna mata a baki sarai, amma harshen gida bai sake ta ba. Tana da wata 'yar gyaran murya kafin ta faɗi farashi, da wata dariya ta hanci in aka yi mata tayin wulaƙanci. Kowa Alhaja yake ce mata, har Babanmu kafin ya rasu.

Lokacin da na gama sakandare ciniki ya fara ƙaura daga rumfa zuwa waya. Matan da a da suke hawo mota daga Azare da Gaidam da Maraɗi sun daina zuwa, sai dai su turo saƙon murya ta Watsaf, a ɗauki hoton kaya a tura musu, su zaɓa, a kai wa direba tasha. Yaya ya saya wa Mama babbar waya mai layi biyu. Ita ba ta karatun boko, kuma shafa gilashi ba ya cikin abin da ta zo yi duniya, don haka wayar ta dawo hannuna. Ƙaramar wayata ta riga ta mutu, sai na cusa layina a ɗaya ramin. Ni ke fito da turmin atamfa bakin ƙofa in ɗauke shi hoto a hasken rana, don fitilar cikin rumfa tana mayar da ruwan goro ya koma ja, a yi ta rigima daga baya. Amma magana ta Mama ce. Sai ta ce, "Danna min," in danna, ta gyara murya ta fara: "Hajiya mi, ina kwana, ina gajiya." Matan nan ba kayan kaɗai suke saye ba, da muryar suke ciniki. In Alhaja ta ce leshi ba ya zuba, to ba ya zuba.

Ni kuwa hankalina ba ya kasuwa. Akwai wata malama da ta koyar da mu kimiyya a sakandare, Kirista ce daga wajen Zonkwa, a Sabon Gari take zaune kafin ta koma Zariya tana koyarwa a makarantar aikin ungozoma. Ita ta tasa ni gaba na rubuta jarrabawar shiga makarantar, na ci, aka ba ni gurbi. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so farin kayan ungozoman nan ba. Mama ma ta yarda, har ta ware min zannuwan da zan tafi da su, ta ce matar Yaya za ta koyi danna waya, ai ba karatun likita ba ne.

Saura 'yan watanni in tafi, wata safiya Mama na alwala buta ta suɓuce daga hannunta. Hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin dama. Da aka sallamo mu daga asibiti tana iya takawa da sanda, hankalinta ras, amma bakin ya karkace. Magana in ta fito sai ka kasa kunne sosai, mu 'yan gida ma sai ta maimaita.

Saƙonni kuwa sun taru a waya. Babbar mai sayen kayanmu wata Hajiya ce a Azare mai haɗa kayan lefe, ta turo ya fi a ƙirga: "Alhaja, shiru haka? Ko na yi laifi ne?" Mama ta hana a faɗa wa kowa ba ta da lafiya. Ta ce in danna mata. Ta yi iya ƙoƙarinta, na kunna mata ta ji abin da ya fito, sai ta juyar da fuska bango. Don kawai in ba ta dariya na ɗauki wayar, na gyara murya irin tata, na ce, "Hajiya mi, laifin me? Tafiya ce ta kama ni." Har dariyar hancin na saka. Yaya yana bakin ƙofa, ya ce, "Wallahi tura." Na tura. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo, Hajiya na ta murna tana zayyano kalolin da take so. Mama ta yi dariya da rabin baki, karo na farko tun da ta kwanta. Wasa farin girki, da haka aka fara.

Da ta ɗan ji ƙarfi muka koma kasuwa. Kullum da safe in tare adaidaita sahu, in tallafe ta ta shiga, mu kutsa cunkoson Bata. A rumfa sai ta zauna daga ciki bayan tulin atamfa, ni ina gefenta da waya. In saƙo ya shigo in kunna, ta saurara, ta nuna min kayan da sanda, ta gyaɗa kai ko ta girgiza, ni kuma in faɗa da bakinta. In na yi sanyi wajen ciniki sai in ji sandar a ƙafata. Maƙwabtan rumfa duk sun sani, wasu har leƙowa suke su sha kallo, amma ba wanda ke da lambar mutanenmu. Muna da wani guruf na 'ya'yan layinmu na kasuwa masu riƙe wa iyayensu waya, inda ake cigiyar caja da labarin wane direba ne zai tashi. A can suka sa min suna Alhaja Ƙarama. Suna ganin abin dariya ne, ni kuwa takaici yake ba ni.

Sai matan suka fara kiran bidiyo, wai suna son ganin kaya a hannun Alhaja. Na yi ƙaryar netwok har na gaji. Wata ranar na ɗauki wayar na gangara Sabon Gari wajen mai gyaran da ya saba canza mana gilashi, wani dattijo mai tebur a ƙarƙashin lema. Na ce ya cire min kyamarar gaba. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "'Yata, kowa gyara yake kawowa, ke ɓarna kika kawo?" Na ce haka nake so. Bai ƙara tambaya ba, ya buɗe bayanta ya zare wata 'yar igiya kamar gashi. Daga ranar duk mai kiran bidiyo baƙin allo take gani, ni kuma in ce da muryar Mama, "Wayar nan ta tsufa kamar mai ita."

Kwanaki na tafiya, ranar buɗe makaranta na matsowa, kuma ba wanda ke ɗaga zancen a gida. Matar Yaya ta iya danna waya yanzu, amma in ta gwada muryar sai ka ce akuya ta shaƙe. Ran nan na tare Yaya a soro na ce, "Yaya, ni fa tafiya zan yi. Me aka shirya?" Ya ce, "Zariya ba netwok ne? Ki tafi da wayar mana." Raina ya ɓaci. Na ce, "Ina cikin aji zan riƙa cewa Hajiya mi? Wa zai nuna min kayan? Wa zai gaya min abin da Mama ke nufi? Kai ka taɓa zama awa ɗaya a rumfar nan?" Ya ce in rage murya kada ta ji. Ya ce shi zai iya ciyar da gidan ko an rufe rumfar, ba ci da sha ne matsalar ba, kuma ni ma na sani. Na sani ɗin, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

Na yanke shawara ni kaɗai. Na kulle kaina a ɗaki, na bi matan ɗaya bayan ɗaya na tura musu saƙo da muryata ta gaskiya. Na ce ni ce 'yar Alhaja, Alhaja ba ta jin daɗi, magana na yi mata wuya, daga yanzu surukarta za ta riƙa kula da su, kaya dai su ne, amana ita ce. Ban ce tun yaushe ba. Addu'o'i suka yi ta shigowa wuni guda. Hajiyar Azare ta ce, "Allah ya ba ta lafiya, 'yata, ya sa kaffara ne. In ta samu sauƙi ta neme ni da kanta. Ni ba na ciniki da yara." Bayan nan sai wayar ta yi tsit.

Da na gaya wa Mama abin da na yi, na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshina. Amma faɗan bai zo ba. Da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi. Muka ci gaba da zuwa kasuwa don ta ƙi zaman gida. Sai ta zauna ta ƙura wa wayar ido, in ta yi ƙara ta ɗago kai da sauri, in duba in ce mata 'yan guruf ne ke neman caja. Ta fara rage cin abinci, daga baya ta koma ruwan shayi kaɗai. Zoben hannunta ya fara juyawa da kansa don rama. Likita ya ce in ba ta ci ba maganin ba zai yi aiki ba, kuma ciwon in ya dawo ba ya zuwa da sauƙi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Jakata na ɗaure a ƙarƙashin gado, an buɗe makaranta, 'yan ajinmu sun fara karatu. Malama, da na riga na gaya wa halin da Mama ke ciki, ta turo min cewa ta roƙa a riƙe min gurbina zuwa ƙarshen mako, bayan nan ba abin da za ta iya. Na ji kamar an sa ni a rijiya an ɗora faifai. Ina son Mama, kuma a kwanakin nan na ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Ranar Alhamis da azahar na sayo mata amala da miyar ayoyo a wajen matar da ta fi so, na buɗe kwanon a gabanta. Ta sa bayan hannu ta ture. Ban san sanda na fizgi wayar ba. Na ce, "Abin da kike so ke nan ko? To shi ke nan." Na danna sunan Hajiyar Azare, na gyara murya, na ce, "Hajiya mi, na tashi. Yarinya ce ta firgita ku, ɗan zazzaɓi ne. Akwai sabon leshi." Na bi sauran ma na tura. A raina cewa nake na yau ne kawai, ta ci abinci, gobe Juma'a in kama motar Zariya, in ya so su san yadda za su yi.

Kafin la'asar wayar ta ɗauki zafi. Wannan na barka da arziki, waccan na tambayar shadda, wata har kuka ta yi. Ina amsawa ina fita da kaya bakin ƙofa ina ɗaukar hoto, sanda na zungurina a ƙafa. Da na waiwaya sai na ga Mama ta jawo kwanon, tana ci da hannun hagu, miya na zuba a gefen bakinta ba ta ma kula ba.

Ana cikin haka kira ya shigo. Ban duba ta wane layi ba, na ɗaga na ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" da muryar da ke bakina tun azahar.

"Mama, ina wuni. Malamar 'yarki ce daga Zariya. Yaya jiki?"

Na ce, "Jiki alhamdulillahi."

"Mun gode Allah, ga murya ta dawo. Mama, ita nake nema. Gobe ce ranar ƙarshe. Tana hanya kuwa?"

Kalma ɗaya ta isa, in ce Malama ni ce. Sifikar wayar a buɗe take, Mama ta ji komai. Ta tsaya da lomar a hannu, ba ta kai baki ba, ba ta mayar kwano ba, tana kallona. Ba ta girgiza kai ba, ba ta taɓa sanda ba. Da ta yi ɗaya daga ciki, da na samu wanda zan ɗora wa laifin.

Na ce, "Malama, ba za ta samu zuwa ba. Ina bukatarta a nan."

Malama ta ce, "Mama, don Allah ki duba. Yarinyar nan tana da kai. Tunda kin samu sauƙi, kada ki tare mata gaba. Ita me ta ce?"

Na ce, "Ita ba ta ce komai ba."

Ta daɗe tana roƙo, tana faɗin irin ƙoƙarina a aji, abubuwan da ba ta taɓa faɗa a gabana ba. Ina tsaye ina cewa haka ne, haka ne, Allah ya saka da alheri. Daga ƙarshe ta ce, "To, Mama, 'yarki ce. Ki gaishe min da ita." Na ce za ta ji.

Na kashe kiran. Mama ta kai lomar baki. Wani saƙo ya shigo daga Gaidam, ta nuna wayar da haɓa, na kunna mata.