Rakiyar da Muka Yi wa Baƙon Amurka

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Baban Asiya. Ni dai ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka ɗaura mana aure, kuma ba yau zan fara ba, sai dai jikata da ke rubuta min wannan ta sa muku da hannunta: Yusufu Talyani, bakaniken da ya yi gareji a bakin Nuzla, unguwarmu a Jidda. Farin mutum ne gajere, Hausarsa duk a karye, amma bakinsa ba ya hutawa.

Iyayensa mutanen Italiya ne, shi kuwa a Amurka aka haife shi, a wata unguwa ta bakin tashar jiragen ruwa. Ya tashi ya tarar da 'yan gidansu cikin ƙungiyar miyagun nan da ke kiran kansu dangi ɗaya, masu caca da fasa-ƙwauri da tatsar 'yan kasuwa. Shi direba ne. Bai taɓa wanke kansa a gabana ba. Ya ce ya tuƙa motocin da bai tambayi abin da ke bayansu ba, kuma har ya bar duniya yana istigfari a kan haka.

Da babbansu ya mutu sai ƙungiya ta rabu biyu, kowane ɓangare na son kujera. Daga nan mutane suka fara ɓacewa. Maƙiyinka ba ya zuwa. Amininka ake turowa, wanda kuka ci a kwano ɗaya, ya tsaya da mota a ƙofar gida ya ce zo mu sha iska. Haka aka yi wa yayansa. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ya gani. Uwarsu ta ci gaba da zuba masa abinci kullum tana rufewa. Da Baban Asiya ya ga saura shi, sai ya shiga jirgin kaya yana kula da inji, ya yi ta yawo a teku har ya sauka Jidda a farkon shekarun sittin.

Baba, mahaifina, yana da motar ruwa a lokacin. Ta mace masa a hanyar tasha, wannan Bature ya shiga ƙarƙashinta ya tashe ta. Baba ya jawo shi gida cin tuwo, daga tuwo ya zama kafilinsa, wato ya tsaya masa ya yi masa iƙama, takardar zama a ƙasar, daga baya ya musulunta. Ni kuma na ce ina so, duk da tsiyar ƙawayena wai zan haifi 'ya'ya masu launin shayi da madara. Muna yi masa dariya don ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a wurin walima. Ashe mu ne ba mu san komai ba.

Asiya ta fara tafiya, ina da cikin ƙaninta, wata rana bayan azahar wata doguwar mota ta tsaya a bakin lungunmu. Mutum biyu suka fito cikin kwat, a zafin nan na Jidda. Ɗayan sunansa Aldo, ɗan kawun maigida, tare suka yi wasan ƙasa. Ɗayan kuwa ko murmushi babu. Aldo da maigida suka rungume juna da kuka. Aldo ya ce aikin wani kamfanin gine-gine ya kawo shi, yana so su je bakin teku can Abhur, su kaɗai, su yi hirar gida.

Baban Asiya ya shigo ɗaki wai zai canza riga. Ya miƙo min makullin gareji, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe yana shafa kan Asiya. Na dube shi. Na ce, "Su ne?" Ya ce, "In na ƙi fita, shigowa za su yi. Halas, shi ke nan, Hauwa, ki bari."

In bari? Wallahi ban iya ba. Na ce masa a gidan Baba baƙo ba ya tashi bai ci ba, ya je ya shimfiɗa musu tabarma. Na ɗora shinkafa, na rage wuta yadda ba za ta nuna da wuri ba, na yafa mayafi na fita ta baya. Wana, Yaya Haruna, kaɗai na faɗa wa gaskiya. Sauran gidajen kuwa cewa kawai na yi ɗan'uwan Talyani ya zo daga Amurka, a zo a yi masa sannu da zuwa.

Kun san mutanenmu. Kafin la'asar zaure ya cika har waje. Liman ya zo, masu tsire sun zo, direbobin tasha sun zo da baƙin mai a hannu. Kowa sai ya kama hannun Aldo ya girgiza, ya tambayi sunansa, da masaukinsa, da ranar komawarsa, da lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ina leƙe ta labule ina ganin gumi na bin wuyan mutumin.

Da ya samu ya miƙe ya ce za su ɗan fita, Yaya Haruna ya tafa hannu ya ce, "Yalla, jama'a, a raka baƙo!" Aldo ya ce a'a, maganar dangi ce. Liman ya yi dariya ya ce ai mu ne dangin. Kafin ya rufe baki mutane sun cika motarsa, Liman a gaba, wani mai tsire ya kusa zama a cinyar marar murmushin nan. Akori-kurar Yaya Haruna ta bi baya da tabarmi da butar shayi da sauran jama'a. Haka suka je bakin teku suka yi magariba a jam'i, baƙi na zaune kan rairayi suna kallo.

Washegari da sassafe suna buɗe ido suka tarar da mutanen Nuzla a ƙofar masauki, an kawo musu koko da ƙosai. Aka zaga da su Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka kai su kasuwar kifi, ko kewayawa ɗayansu zai yi akwai mai riƙe masa buta a ƙofa. Yawancin masu rakiyar nan har suka mutu ba su san abin da suka tare ba, su dai suna fita kunyar surukinsu ne. Da baƙi suka gaji suka ce za su koma, aka kai su filin jirgi da kilishi da dabino da hula kowa ɗaya. A bakin ƙofa Aldo ya jawo maigida ya raɗa masa da yarensu: "Zan ce ban same ka ba. Wa zai iya da wannan taron?" Ba wanda ya sake zuwa.

Yau an rushe lungun namu, mun watsu a cikin gari. Jikokinsa suna kallon fina-finan irin mutanen nan a waya, kwat ɗinsu da motocinsu na burge su. Da yana nan da ya ƙwace wayar ya ba su labarin kwanon da uwarsa ke rufewa. Da ya ga yadda suke kiran motar wanda ba su sani ba su shige su kaɗai, na tabbata da sai ya bi su da silifa. Ni ma abin na damuna. Yanzu baƙo na tashi sai a ce masa sai an jima daga kan kujera.

Ya rayu ya aurar da Asiya. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a kan gadonsa, kansa a cinyata, bayan ya yi kalmar shahada da Larabcinsa mai karkata. Na yi kuka, amma ina alfahari, kuma ba na ɓoyewa. Mutumin da aka shirya ya ɓace ba labari, an yi masa wanka an yi masa sutura, 'ya'yansa sun san inda yake kwance. Ranar na tsaya a bakin ƙofa ina kallon makara na wucewa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, lungu ya cika har titi, masu tsiren nan da direbobin nan duk sun yi furfura. Yaya Haruna ya waiwayo ya gan ni, idonsa jawur, ya ce, "Koma ciki, Hauwa. Ba shi kaɗai zai tafi ba."