Tsarabar Kaura a Akwatin Bincike

Ni Allah bai ba ni boko ba, a aji uku na tsaya, amma ya ba ni karambani buhu guda. Ku sababbin direbobi da ke tambayar abin da ya sauke ni daga motar masu bincike ya mayar da ni bas ɗin ma'aikata, ga amsarku. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Talata bayan kaka ba, ranar da tsarabata ta kusa kai baiwar Allah gidan yari.

Lokacin sashenmu na aikin gona a jami'armu ta Zariya yana binciken irin dawa tare da wata jami'a ta Turai. Dakta Bilkisu ce shugabar aikin a nan, sa'ar 'yata ce, Baba Tanimu take kirana. Su kuma Turawan suka turo wata Baturiya, Madam Ana.

Ga wanda bai sani ba, iri ba ya fita ƙasar nan haka kawai. Sai jami'o'in biyu sun yi yarjejeniya, jami'an lafiyar tsirrai su duba kowane ƙunshi, sannan a rufe akwati da hatimin roba. Duk abin da aka samu a ciki ba da izini ba, fasa-ƙwauri ne, kuma wanda ya sa hannu shi zai amsa. An yi mana bita a kan wannan. Ina wurin, a kujerar baya, ina gyangyaɗi ina jiran shinkafa.

Madam Ana ta taɓa zuwa gidana a Tudun Wada gaida iyali. Ta ga zangarniyar kaura rataye a rumfa, irin da na gada wurin mahaifina, ta yi ta yabawa. Na ce ta ɗiba. Ta ce da 'yar Hausarta, "A'a, Baba, babu takarda." Na ce a raina, kunya ce. Mu nan wane baƙo ne ke karɓa a tayin farko?

Ranar tafiyarta, ni na ɗauko akwatin irin daga ofis. Maimakon in wuce masaukinta, na biya gida. Na sa reza na yanke hatimin, na cusa ƙullin kaura, na liƙe da gam. Har na ja da baya ina yaba aikina.

A filin jirgin Kano, Dakta ta raka Madam Ana ciki da akwatin, ni ina mota ina cin gyaɗa, sai na ga lokacin tashin jirgi ya wuce, Dakta ba ta fito ba. Na leƙa ciki. Ta gilashi na hango su a wani ɗaki: akwatin a buɗe, ƙullina a kan tebur, ƙyallen tsohon zanen matata ne ma. Madam Ana tana kuka. Dakta na tsaye, katin aikinta da wayarta suna hannun wani jami'i.

Ƙofar a buɗe take, na ji yana ce wa Dakta, "Hajiya, sa hannunki ne ko ba naki ba?"

"Nawa ne."

"To wa ya karya hatimi? Wa kike sayar wa irin ƙasa?"

Na ja da baya a hankali. Ba wanda ya dube ni. Wa ke duban direba? Na koma mota na zauna, mukulli a hannu. Na tuna fanshona da ya kusa, na tuna gidan yari, na tuna 'yan unguwa suna cewa Tanimu da furfurarsa. Zuciya ta ce, tsoho, zauna, mai digiri za ta fid da kanta. Na sake fitowa na leƙa, sai na hango wata jami'a ta nufi ɗakin da ankwa a ƙugu.

Ban san sanda na isa ƙofar ba. Na cire hula na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Tsaraba ce."

Jami'in ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Baƙuwa ce ta yaba abu a gidana."

"Da me ka liƙe hatimin?"

"Da gam na gyaran takalmi."

Wani ya tuntsire da dariya, amma shi ko murmushi. Suka raba mu ɗaki-ɗaki, suka yi ta juya mini tambaya ɗaya kamar waina: wa ya biya ka, wa ka sani a waje. Ni kuwa sai rantsuwa nake. Sai da manyanmu suka taso daga Zariya suka tsaya mana aka sake mu.

Akwatin bai tafi ba. Tunda an karya hatimi, irin da aka tara duk daminar ya tashi a banza. Turawan suka dakatar da aikin, Dakta ta sha zama gaban kwamiti kafin a wanke ta. Ni aka ba ni takardar gargaɗi da mukullin bas. Abin da na koya, a wannan aikin idan an ce a'a, a'a ɗin ake nufi, kuma abin da aka rufe ba ya son alherinka.

A hanyar dawowa ranar, muka iso Kwangila, bakin Zariya. Nan Dakta ta ɗago ta dube ni ta madubi.

"Baba Tanimu, yau ka zo ka durƙusa, na gode. Da sai can ƙasarsu aka buɗe akwatin nan fa, a gaban wa za ka durƙusa?"