Inda Zabuwa Ta Kai Ƙwanta

Tun Bilkisu tana aji biyar na firamare nake da wannan fargaba a ciki. 'Yata tana da i'ina. In aka bi ta a hankali za ta yi magana har ka gaji da ji, amma in aka daka mata tsawa, shi ke nan, bakin ya kulle har gobe. Ga babanta ya ce makarantar kwana za ta. Ni da na tsaya a aji huɗu, da me zan gane makaranta mai kyau? Takardun da suke rabawa ma hotunan kawai nake kallo.

Ashe Dada, kakata, ta riga ta ba ni abin awo tun ina ƙarama a Lau.

Bayan an ci tuwo Dada kan hura wuta da busasshen kashin shanu saboda sauron bakin kogi, ta tura mana masara a toka. Mu zagaye ta, idanu na hawaye don hayaƙi, ba mai tashi. Ba ta farawa sai ta ce, "Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi masararsa tawa ce."

Wadda na fi so ita ce ta Zabuwa. Zabuwa dai ba ta iya riƙon 'ya'ya ba, raɓa ke kashe mata su, sai ta fita neman wadda za ta ba ƙwanta. Agwagwa ta nuna mata tafkinta. Talotalo ta buɗe fukafukai tana ta zuba bayani. Ga kuma wata tsohuwar kaza mai figaggen wuya da ke kwana a fasasshiyar tukunya, ita ko tallar kanta ba ta yi ba. A nan Dada kan tsaya ta tambaye mu wa za mu ba. Mu haɗa baki mu ce Agwagwa, don muna son wanka. Sai ta yi dariya ta ce mu duka kwaɗayayyu ne.

Zabuwa ba ta ba kowa ba. Ta laɓe ƙarƙashin rumbu har shirwa ta gifta. 'Ya'yan Agwagwa kowa ya nutse shi kaɗai. Na Talotalo suka watse cikin ciyawa, har uwarsu suke gudu. Kaza kuwa ƙara ɗaya ta yi, duk suka ruga ƙarƙashinta, har da wani ɗan tsakon da ba nata ba. Wurinta Zabuwa ta kai ƙwanta.

"Gida kowa zai share in ya ji baƙi," in ji Dada. "Ku dai ku duba inda yara ke gudu."

Watan jiya muka fita duba makarantu, ni da Bilkisu da babanta. Ta farko, tabarkalla! Ƙofa mai ƙyalli, ɗaki guda cike da kwamfuta. Shugaban yana ta Turanci, maigida na gyaɗa kai, ni kuwa idona na taga. 'Yan mata na dariya a gindin famfo, sai ga matar da ke kula da ɗakin kwanansu ta ɓullo da makullai. Ɗif! Kowa ta manne da bango.

Ta biyu tana can bayan Kona, fentinta duk ya koɗe. Mai kula da yaran wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Mumuye, mun same ta tana tsintar wake, yara sun yanyame ta, wata na nuna mata siket ɗinta da ya yage, wata na kawo ƙara. Ta tambayi 'yata sunanta. Bilkisu ta maƙale a "Bi… Bi…". Na buɗe baki zan faɗa mata, sai matar ta ɗaga mini hannu, ta ajiye faifan.

"Mama, bar shi ya gama," ta ce da irin Hausarta. "Wake ba ya gudu."

Bilkisu ta gama. Ta ƙara da sunan babanta, har da cewa daga Yelwa muke, ba wanda ya tambaye ta!

A cikin keke maigida ya ce shi ta farkon ta fi kwanta masa. Ban san sanda na kwashe tatsuniyar Dada na ba shi ba, mai keke na ji. Ya yi dariya ya ce wato mu ne zabin. Amma da ya waiwaya ya ga 'yarsa na ta ba ni labarin yarinyar mai siket, sai ya bar dariyar. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya koma ta biyun da kansa ya karɓo fom.

Da ina yarinya, dabarar Zabuwa ce ke burge ni. Sai yanzu na tuna cewa bayan ta zaɓa, ajiye ƙwan ta yi ta koma gida ita kaɗai, kuma Dada ba ta taɓa gaya mana yadda ta kwana ba.

Sun ɗauki Bilkisu! Ran Lahadi za mu kai ta. An rubuta sunanta a bokiti, na daka mata yaji, na soya ƙuli, ina dariya ina share ido.

Roƙona ɗaya gare ku, malamai da iyaye da manyan ɗalibai: in yarinya mai i'ina ta tsaya gabanku, kada ku ƙarasa mata maganar. Ku ɗan jira ta, don Allah.