Moɗa Ɗaya Muka Sha da Silbi

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko fushi na yi: e, na yi, amma ba da ku ba. Ciwo ne ya kusa tafiya da ni.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da wata ƙungiyar Turawa mai kokawar riƙe ƴan mata a lakkol, wato makarantar boko. Ni ke shiga ƙauyuka, ni ke zama da iyaye. A bazarar bana muka fita rangadi bayan Jiratawa, ni da Silbi, Baturiyar da aka aiko ta shugabance ni, wadda na girme wa nesa ba kusa ba. Ruwan gorarmu ya ƙare, muka sha na randa. Moɗa ɗaya. Ita ta fara, ta miƙo mini.

Bayan ƴan makonni mu biyu muka kwanta. Zazzaɓi, amai, kasala, fitsari kamar shayi. Idanu suka yi rawaya.

Silbi, kwana biyu aka sa ta mota zuwa Yamai, daga can jirgi zuwa ƙasarsu. Yana cikin kontararta, yarjejeniyar aikinta. Tawa kontarar ta ƴan ƙasa ce: ki biya da kanki, ki kawo takardu, wata rana a maido miki wani abu. Mai biro, shugaban ofishinmu, ya ce, "Madan, Allah shi ƙara sauƙi," ya ba ni hutun kwana goma.

Gwaggona ta taso daga Tsibiri da jarkar saiwoyi. Ta ɗaga fatar idona ta ce, "Ɗiyata, shawara ce. Shawara ba ta son allura. Kika bari suka soka miki, sai dai mu ji labari."

Na sha. Ni mai karatu da harshe uku, na sha har mako uku.

Gaskiya ban yarda da maganarta ba. Na dubi kuɗin analiz, wato awon jini, na dubi ɗiyata Hadiza da ke tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar bak saura wata biyu, ga kuɗin malaman da ke yi musu bita, ga mahaifinta ya rasu. Sai na ga maganar Gwaggo ta fi araha. Rabin abin da muke kira al'ada, rashi ne ya ɗaura zani mai kyau.

Wata safiya Hadiza ta kawo mini kunu, na dube ta na tambaye ta ɗiyar wa ce. A ranar aka kwashe ni sai asibiti.

Da na dawo hayyacina likita ya ce, "Hajiya, ciwon hanta ne, daga ruwa kika ɗauka. Da kin zo da wuri, da sauƙi. Saiwoyin nan sun ƙara wa hantar aiki. Ke ma, mai ilimi?"

Na ce, "Dokta, ilimi gare ni, ba dukiyar gado ba."

Kwana ashirin da shida. Ƙarin ruwan sarom, ɗibar jini, awon ciki, a sake ɗibar jini. Kun san asibitinmu: majinyaci ba ya zama sai da mai jinya. Mai jinya ke karɓar ardinansi, takardar magani, ya ruga farmasi, ya bi layin labo, ya zubar da fo. Gwaggo ba ta karatu, ga ciwon gwiwa. Saura wa?

Hadiza ta shimfiɗa tabarma gefen gadona, kayenta, littafin rubutunta na lissafi, a buɗe, ba ta taɓa gama shafi ɗaya ba a kira ta. Na ce ta koma lakkol. Ta ce, "Mama, in na tahi wa zai kai jininki labo?"

Na ji tsoron mutuwa. Amma na fi tsoron kayen nan da ba ya gaba.

Ta zauna bak. Ranar sakamako ta shigo ta ce, "Mama, ban samu ba," ta ɗauki kwanona ta fita wankewa.

A makon ne Silbi ta aiko mini saƙo. Ta warke, tana hutawa a gidan kakarta a bakin teku. "Ki huta sosai, kada ki damu da komai." Da zuciya ɗaya ta rubuta. Silbi ba muguwa ba ce, shi ya fi tayar mini da zuciya. Ba sai an yi mugunta ba, tsarin yana aikinsa da kansa. Lokacin da kakanninta ke gina gidan nan, nawa kakan yana saɓa buhun gyaɗa don biyan harajin Nasara. Ita ta faɗi a kan abin da aka tara mata. Ni na faɗi a kan ɗiyata.

Da na koma aiki aka ba ni rahoton shekara in cika: me ke fitar da ƴan mata daga lakkol? An riga an rubuta amsa, "al'ada da rashin wayewar iyaye", tawa sa hannu kawai. Na soke, na rubuta labarin Hadiza. Aka ce bai dace da abin da masu ba da kuɗi ke son karantawa ba. Ban sa hannu ba, har yau yana kan tebur.

Alhamdu lillahi, hanta ta lafa, ina cin tuwo. Na gode wa likitan da ya yi mini faɗa, da ma'aikatan jinya, da maƙwabtana na unguwar Zariya da suka yi ta aiko kwano. Na gode wa Gwaggo, abin da take da shi ta kawo.

In idonka ya yi rawaya, je a auna jininka a ranar. Ku tafasa ruwa. Ku karanta kontara kafin ku sa hannu, ku tambayi abin da ke cikin ta abokin aikinku. In kuka je dubiya kuka tarar da ƴar lakkol tana jinya, kada ku ce Allah ya yi mata albarka ku tafi. Ku karɓe ta yini ɗaya.

Hadiza ta koma tarminal. Na ce mata ko na sake kwantawa, ƙafarta ba za ta taka asibiti ba sai da takardar bak a hannu.

Ta ce, "To, Mama, kada ki kwanta."